Almakashin da ke cikin jini

Iyayenmu mata na Zongo sun daɗe da sanin dabarar nan: idan naman tsohon rago ya yi tauri, sai a nannaɗe shi da ganyen gwanda, a bar shi ɗan lokaci, ya yi laushi. Mai wannan aiki wani sinadari ne da ke yanyanka furotin kamar almakashi. Jikinmu ma yana da irin wannan almakashi, sai dai nasa ba ya yanka barkatai. Yana da wurin da yake nufa da lokacin da yake aiki.

Akwai sinadarin girma da masana ke kira IGF, wanda ke umartar ƙwayoyin halitta su rabu su ƙaru. Yawancinsa ɗaure yake da wani furotin, kamar akuya a turke: tana nan, amma ba ta kiwo. Idan mace ta samu ciki, mabiyiya takan fitar da almakashi mai suna PAPP-A, ya yanke igiyar, sinadarin ya samu sakewa ya ciyar da girman ɗan tayi gaba. An gano PAPP-A a jinin masu ciki a 1974, amma sai 1999 aka tabbatar cewa yanka ne aikinsa. A 2004 masana a Amurka suka samar da ɓeraye marasa shi, aka haife su da kimanin kashi 60 cikin 100 na girman 'yan uwansu.

A wajen ɗan Adam, ƙarancinsa a watanni ukun farko kan zo tare da haɗarin haihuwar ƙaramin jariri, ko hawan jini mai kaiwa ga jijjiga. Wannan faɗakarwa ce kawai, domin da yawa sukan sauka lafiya. Ba kowace asibiti ke wannan gwaji ba, amma awon jini da duba girman ciki ana yin su ko'ina.

Abin da ke damunmu shi ne, a waɗannan watanni ne 'ya'yanmu ke ɓoye ciki, musamman na fari, saboda kunya ko tsoron baki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko cikin makonni 12. Asibitin uwa da yara ta bakin Lagune tana nan cikin garinmu. Amarya ba za ta iya furta wa suruka ba. Maigida ne ya kamata ya tanadi kuɗin zemijan, ya raka ta, ko da dangi ba su sani ba tukuna.