Adakar Baffa

Duk ranar 15 ga Janairu, idan na ga manya a talabijin suna ajiye furanni a Abuja, suna sakin fararen tattabaru don tunawa da mazan jiya, ni adakar Baffa ce take faɗo mini a rai. Tana nan a ɗakin mahaifina a Kumbotso, fentinta duk ya ɓare. A ciki akwai bargo ɗaya, da carbi, da kwanon cin abinci wanda gefensa ya lotsa. Iyakar abin da ya dawo mana ke nan.

Baffa ƙanin mahaifina ne, manomi a wajen Kura. A zamaninsu noman damina kaɗai ake yi, da an kai amfani rumbu sai samari su tafi cin rani. Shi ma cin ranin ne ya kawo shi birni, bai samu abin komawa gida ba har ruwa ya sauka. Yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, ana ɗaukar soja da gaggawa, sai ya bi layi. Aka jefa shi runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammed yake jagoranta.

A Oktoban shekarar suka isa Asaba, suka tarar an karya gadar Kwara. Aka ce a haye kogin zuwa Onica a jiragen ruwa, alhali ana jiran su da wuta a ɗaya gaɓar. Ku duba mutumin da iyakar ruwan da ya sani Kogin Kano ne da Challawa, waɗanda ake tona yashinsu da rani kafin a samu na sha. Sai Maris na 1968 aka ci Onica, ta hanyar ƙasa. A wancan Oktoba kuma sojojin rundunar sun kashe fararen hula masu yawa a Asaba. Uwayensu ma sun yi irin kukan da tamu kakar ta yi, kuma wajibi ne mu riƙa faɗin haka.

Baffa bai dawo ba, wani abokin aikinsa ne ya kawo adakar. Malamai suka yi sallar ga'ib, matarsa ta yi takaba ta fita, amma kakarmu Inna ta hana a raba gonarsa. "Ku nuna mini kabarinsa tukuna," abin da take cewa ke nan har Allah ya yi mata rasuwa.

Gonar ce take ci mini rai. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai ya ratsa Bunkure da Kadawa da Kura. Yau shinkafa ake yi a wurin da damina, tumatir da alkama da rani. Da ruwan nan ya zo da wuri, me zai fitar da Baffa cin rani?

Roƙona ga ƙananan hukumominmu shi ne su bi unguwa-unguwa ta hannun dagatai da masu unguwanni, su rubuta sunan duk wanda ya tafi bai dawo ba, daga 'yan yaƙin ƙasar Bama zuwa yaranmu da suka kwanta dama a Borno. A kafe sunayen a bangon sakatariya inda jikoki za su karanta. Aikin ba ya jira, domin masu shaidar suna ƙarewa. A gidanmu babu hoton Baffa ko ɗaya, mahaifina kaɗai ya rage wanda ya san kamanninsa, shi ma idonsa ya fara rauni. Makon jiya ya sa na rubuta cikakken sunan ƙaninsa a cikin murfin adakar. Allah ya jiƙan Baffa.