Jakar Goyo Ba Ta Kuka a Banza

Duk wanda ya taɓa bin ayarin matasan da ke hawa duwatsun Shere na gefen Jos da sanyin safiyar Asabar ya san wannan ƙarar. Ana barin bakin titi, hira ta fara lafawa saboda numfashi ya soma yin sama-sama, sai a ji ta daga bayan wani: ƙii, ƙii, ƙii. Ya ɗaga ƙafar dama jakar ta amsa, ya ɗaga ta hagu ta sake amsawa. Da fari dariya ake yi, ana tsokanarsa wai ɓera ya goyo. Bayan awa biyu babu sauran mai dariya, har shi mai jakar.

Lissafin ba shi da wuya. Takun babban mutum bai cika wuce santimita 75 ba, wato kilomita ɗaya na cin taku wajen 1,300. Tafiyar kilomita goma ke nan jakar ta yi kuka sau 13,000, kuma a daidai ƙeyar mai ita. Wanda ya nufi Chappal Waddi a Taraba, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya da mita 2,419, kwanaki zai yi yana shan wannan kiɗa.

Mafi yawan masu fama da abin hanya biyu suke bi. Wasu su toshe kunne da waƙa a waya, wasu su yanke hukuncin cewa jakar ta mutu, su fara tara kuɗin sabuwa. Duka biyun kuskure ne. Mai toshe kunne ya kawar da kansa daga abin da jakar ke nuna masa, mai sayen sabuwa kuwa ya yi asarar dubban nairori a kan matsalar da guntun kyandir ke iya kashewa, kuma babu tabbacin sabuwar ba za ta yi nata kukan ba tun a makon farko.

Mai goge ya fi kowa sanin sirrin wannan ƙara. Kafin ya fara kiɗa sai ya shafa ƙaro a jikin tsagiya, don ta riƙa kamawa tana saki a kan ’yar’uwarta. Tsagiyar ta maƙale na ɗan ƙiftawar ido, ta zame, ta sake maƙalewa, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, wannan karkarwar ce kunne ke ji a matsayin amo. Abin da ke sa ƙyauren ɗaki kuka ke nan, da ƙafar amalanke da ba ta ga giris ba, da sabon takalmin fata. A jakar goyo ma haka ne: abu biyu busassu sun matsu da juna, nauyi ya danne su, kowane taku kuma na motsa su kaɗan. Bambancin kawai shi ne mai goge neman ƙarar yake yi, mai jaka kuwa so yake ta mutu, don haka sai ya yi akasin abin da makaɗin ke yi. Ko dai ya sa wurin ya yi santsi, ko ya raba abubuwan biyu da wani abu mai laushi, ko ya ɗaure su tamau su daina motsi gaba ɗaya.

Jaka mai ƙashi, wato mai sanda ko ƙarfen da ke riƙe ta a miƙe, tsohon abu ce. Gawar mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan da ke tsakanin Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya rayu shekara fiye da 5,000 da suka wuce, an samu lanƙwasasshiyar sanda da ’yan alluna biyu kusa da ita, waɗanda masana ke ganin ƙashin jakar goyonsa ne. Ta zamani kuwa Amurka ta fito da ita. A 1952 Dick Kelty ya fara lanƙwasa bututun alminiyam a gidansa da ke Kalifoniya, matarsa na ɗinka buhun da za a rataya a jiki. Irin wannan jaka, mai ƙarfe a waje, da ’yan ƙusoshi da zobba ake haɗa ta, kuma kowace ƙusa mazaunin kuka ce. A 1967 Greg Lowe ya mayar da ƙarfen cikin jakar, ya ɓoye shi a aljihun ƙyalle. Ƙarar ba ta tafi ko’ina ba, ɓuya ta yi inda ido ba ya kaiwa. Sai kuma kamfanin Deuter na Jamus da ya fito a 1984 da baya mai raga, wanda ke barin iska ta ratsa tsakanin gadon baya da jaka. Ga mai tafiya a ƙasa mai zafi wannan ni’ima ce, amma ragar a ɗame take a kan ƙarfe kamar fatar ganga, shi ya sa irin waɗannan jakunkuna suka fi saurin buɗe baki.

Aikin farko shi ne gano inda kukan yake, kuma a nan mutane ke gajiya. Jakar da babu komai a ciki ba ta kuka, sai an loda mata kaya kamar za a yi tafiyar gaske. Mai ita ya goya, ya riƙa zagaya tsakar gida, wani na biye da shi yana dafa wuri ɗaya bayan ɗaya: saman ƙarfen bayan wuya, gindinsa inda ya shige ɗamarar ƙugu, inda maratayan kafaɗa suka haɗu da jikin jakar, maɓallan roba. Inda aka danna ƙarar ta ɗauke, nan ne. Ba ya wuce minti goma, sai dai yana bukatar mutum biyu, domin kunnen mai goyo yaudararsa yake yi: ƙarar da ke fitowa daga ƙugu sai ya rantse a kafaɗa take.

Idan bakin ƙarfe ne ke gugar ƙyallen aljihunsa, wanda shi ne ya fi yawa, a zare ƙarfen in yana zaruwa, a goge shi, a naɗe bakinsa da baƙin salatif na masu aikin wuta ko yankin tsohon tiyub na keke, a mayar. Kafin a zare a lura da yadda lanƙwasarsa ta fuskanta, don wanda ya mayar da shi a juye ya sayi ciwon baya da kuɗinsa. Idan maɗauri ne ke kuka cikin maɓallin roba, a goga masa kyandir ko kakin zuma. Idan soso ne ke gugar allon robar da ke bayan jakar, hoda kaɗan na yin aiki, ko a cusa yankin tsohuwar riga mai laushi a tsakani. Zif ma kyandir yake so.

Abin da ba a so shi ne wanda hannun mutanenmu ya fi saurin kaiwa gare shi. Wanda ya saba da babur, da ya ji ƙara sai ya ɗauko baƙin mai. Wani basilin, wani man gyaɗa, mai ɗan hali kuma gwangwanin WD-40. Ranar farko shiru, har mutum ya fara yabon kansa. Amma mai kama ƙura yake yi, kuma ƙurar hunturu da ta cakuɗu da maiƙo ta zama kamar sanfefa, tana cin zaren ɗinki a hankali. Ga tabo da ba ya fita, ga ƙamshin man girki da ke gayyato tururuwa da ɓeraye wurin kwana. Sau da yawa ma ƙurar ce kaɗai matsalar tun asali. Jakar da ta sha watannin Disamba da Janairu a hanya, ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsohon buroshin haƙori sun ishe ta, a shanya a inuwa, saboda rana na cinye ƙarfin zaren nailan.

Yawancin jakunkunan da ke bayan matasan nan daga dilar gwanjo suka fito, ko a Ƙofar Wambai ta Kano, ko a Kasuwar Barci ta Kaduna. Babu aibi a wannan. Jakar gwanjo ta kamfanin kirki ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba. Aibin yana wurin yadda ake saye. Mai saye ya duba launi, ya ja zif sau biyu, ya yi ciniki, ya tafi. Da wuya a ga wanda ya roƙi mai shago ya cika ta da kaya ya goya ya ɗan taka. Da wuya a ga wanda ya zura hannu ya taɓa ko ƙarfen ya huda aljihunsa, ko ya leƙa ya ga ko rufin robar da ke hana ruwa shiga ya fara ɓarewa yana danƙo.

Kuma gyaran na nan a bakin kasuwar. Tsohon shumeka da ke zaune da basilla da zarensa zai karɓi jakar, ya juya ta, ya matsa da babban yatsa, ya ce, “Yaro, ai ƙarfen ne ya ci gidansa, ba ka ga ya kusa leƙowa ba?” Mai jakar ya ce, “Baba, ni dai ƙarar ce ta dame ni.” Ya yanko ’yar fata, ya ɗinke ta a bakin aljihun, ya miƙa masa. Jikokin dukawan da suka yi wa fatake mangala da akumari ba za su gaza da aljihun nailan ba.

Akwai kuma kukan da laifin mai jaka ne tsantsa. An jefa tukunya da gwangwanin kifi da gorar ruwa kowanne inda ya faɗa, an bar maɗauran gefe sakwaf, an ɗaura ɗamarar ƙugu sako-sako ko ba a ɗaura ba sam, duk nauyin ya rataya a kafaɗa yana lilo. Ƙa’idar masu tafiyar duwatsu ita ce kaya masu nauyi su zauna a tsakiya, manne da gadon baya, masu laushi su cike gurabe, ƙugu ya ɗauki kaso mafi girma, kuma duka kayan kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum. Mai kilo 70 ke nan kada ya haura kilo 14. Ko a Kilimanjaro ta Tanzaniya, inda dako sana’a ce ta ƙarfafa, kilo 20 aka ƙayyade wa ɗan dako na kayan baƙo. Jakar da aka yi don kilo 12 aka danna mata 22 dole ƙarfenta ya lanƙwashe ya yi ƙara, kuma babu kyandirin da zai hana.

Nan ne toshe kunne ke zama haɗari. Ƙarar da ta sauya murya a tsakiyar tafiya, daga ƙii zuwa ƙas, sau da yawa ɗinkin maratayi ne ya fara tsinkewa ko ƙarfe ya tsage. Maratayi ya tsinke a kan gangaren dutse, nauyin ya fizgi mutum gefe guda, ba abin wasa ba ne. Wanda kuma ya biya kuɗin mota har gandun dajin Gashaka-Gumti don ya ga birai da tsuntsaye, jakarsa na sanar da dajin zuwansa tun daga nesa.

Don haka shugabannin ƙungiyoyin hawan dutse na Jos da Abuja da sauran garuruwa, da ke tambayar kowa ko ya taho da ruwa da takalmin kirki, su ƙara abu ɗaya: kowa ya goya jakarsa da kayanta ya taka a gabansu kafin a tashi. Mai jaka kuma ya jefa guntun kyandir, salatif, allura da zare mai ƙwari a aljihun sama tun daren Juma’a.