An sa maka ragar zuciya? Kada ka ajiye maganinka

Ɗan'uwa, in an sa maka 'yar ragar ƙarfe a jijiyar zuciya, wadda likitoci ke kira sitent, ko an sa wa wani naka, ka karanta wannan. Mutane suna dawowa daga Indiya ko Masar, ciwon ƙirji ya tafi, suna tafiya ba haki, sai su ce an gama. A ganina, a ranar ne naka aikin ya fara.

Ka taɓa lura da rafi da damina? Inda ruwa ke tafiya sosai, ƙasan fes yake. Amma bayan dutse, inda ruwan ke juyawa, nan laka da ciyayi ke taruwa. Haka jini yake. Cikin jijiya akwai shimfiɗa mai santsi ta ƙwayoyin halitta. In jini yana wucewa kai tsaye, ƙwayoyin nan suna jeruwa ta inda yake bi, ba abin da ke maƙale musu. To, ragar tana buɗe jijiyar da ta toshe, amma garin sa ta shimfiɗar tana gogewa, kuma kowane zaren ƙarfe ya zama ƙaramin dutse. Bayansa jini yana juyawa yana jinkiri. A nan sabuwar shimfiɗa take wahalar kamawa, ƙwayoyin da ke daskarar da jini kuwa nan suke so. Su manne, su jawo 'yan'uwansu, gudan jini ya rufe hanya. Wannan bugun zuciya ne, kuma yana kisa.

Tun da aka fara sa wa mutum ita a Faransa a 1986, ana ta rage kaurin zaren don jini ya wuce lafiya. Na yanzu kusan kaurin gashi ne. Yawancinsu kuma an shafe su da magani mai hana tsoka tsirowa ta sake toshe wurin. Sai dai maganin nan yana jinkirta shimfiɗar ma. Shi ya sa ake ba ka aspirin tare da clopidogrel ko makamancinsa, galibi wata 6 zuwa 12, su tsare ƙarfen kafin jiki ya lulluɓe shi.

Na san da tsada. Na ga dattijon da danginsa suka sayar da gona aka kai shi, ya dawo da maganin wata ɗaya tak, ba wanda ya gaya masa abin da zai biyo baya in ya ƙare. Wannan laifinmu ne ma'aikatan lafiya. Amma kai da ka ji yanzu, ka sa kuɗin maganin shekara cikin lissafin tafiyar tun farko.

In za a cire maka haƙori, faɗa wa mai cirewa, kada ka daina sha da kanka. In azumi ne, zo mu gyara lokacin sha. In ka ga baƙin kashi ko haɓo ya ƙi tsayawa, zo asibiti ranar nan, da katin ragar a hannunka.