RA'AYINMU: Ƙibar Yara, Ƙauna ce ko Zalunci?

'Yan'uwa cikin Almasihu, a wurinmu idan aka ga yaro ɓulɓul, kumatu sun cika, sai a ce uwarsa ta iya kiwo, ubansa kuma yana da hali. Ba mu da laifi da muka saba da wannan tunani, gama mun san yunwa, har yau ma tamowa tana kashe yara a ƙauyukanmu. Amma wata damuwa ta shigo birane, ta shigo har cikin Makarantar Lahadi, wato ƙibar da ta wuce kima.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390, masu shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce yadda ya kamata. Irin wannan ƙiba takan kai ga ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gaɓoɓi, ga kuma ba'ar da yaro yake sha a makaranta.

A wasu ƙasashe maganar ta kai gaban hukuma. A shekarar 2011, a jihar Ohio ta Amurka, an ɗauke wani yaro ɗan shekara 8 daga hannun mahaifiyarsa domin nauyinsa ya kai wajen kilo 90. A shekarar 2023 kuma, wata kotu a Birtaniya ta ɗaure iyayen wata yarinya naƙasasshiya mai shekara 16, wadda ta mutu cikin ƙazanta da nauyin kilo 146.

To, shin duk wanda ɗansa ya yi ƙiba azzalumi ne? Mu a ganinmu, a'a. Akwai ƙibar gado, akwai wadda ciwo ko magani yake kawowa. Akwai kuma uwar da take fita tun asuba neman abinci, abin da ya fi sauƙi ta bar wa yara shi ne taliyar leda da biskit. Wannan taimako take bukata, ba hukunci ba. Amma idan likita ya yi gargaɗi sau ɗaya, sau biyu, iyaye suna da halin gyarawa suka ƙi, yaro yana haki in ya yi 'yar tafiya, to, wannan sakaci ne, kuma sakacin da yake lalata jikin yaro ɗan'uwan zalunci ne. Mu tuna da Eli firist. Ba dūkan 'ya'yansa ya yi ba, laifinsa shi ne ya ga abin da suke yi bai kwaɓe su ba.

Yaro ba shi yake zuwa cefane ba, mu ne. Kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita tana ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi 10. Gwamnatin Nijeriya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba zai shiga gidanka ya hana ɗanka ba. Mu koma ga wake, da acca, da zogale, da 'ya'yan itace, da ruwa. A kashe talabijin, a karɓi waya, yaro ya fita ya yi wasan guje-guje aƙalla sa'a ɗaya a rana. Kada kuma a zage shi ko a hana shi abinci, gidan duka ne zai canza.

Muna roƙon Zumuntar Mata da malaman Makarantar Lahadi su duba abin da ake raba wa yara a bukukuwanmu. Hausawa sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Wani lokaci hana yaro lemo shi ne ƙauna.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amanar da ya danƙa mana. Amin.