Gajeren Wasan Kwaikwayo: A Yi Shi, A Kuma Rubuta Shi

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, wake yana gona bai gama bushewa ba, dabbobi kuma sun fara komowa daga wuraren kiwon damina. Daga Matankari har Kore Mairuwa, kowa ya san wannan lokaci. Shi ne lokacin da rigima take yawa tsakanin manomi da makiyayi. Akwai maganar da mutum ba ya iya faɗa wa maƙwabcinsa ido da ido, sai rai ya ɓaci. Amma in an sa ta cikin wasa, kowa yana ji, yana dariya, ya tafi gida yana tunani.

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffi sun san ɗan kama. Shi kaɗai yake tsayawa cikin kasuwa, ya yi kwaikwayon malami, amma duk karatunsa na tuwo ne da miya. Mutum guda ne, ba shi da abokin magana, duk da haka yana riƙe taro. Wannan shi ne wasan mutum ɗaya.

Bayan Seyni Kunce ya hau mulki a 1974, an raya samariya a birni da ƙauye. Daga 1976 aka shiga yin babban bikin matasa na ƙasa, inda kowace jiha take kawo ƴan wasanta a yi gasa. A zamanin nan ne sunan Yazi Dogo ya cika Nijar. Malamin lekol ne, shi da abokansa na Damagaram suka yi wasanni da Hausa a rediyo da telebijin.

Yaya ƴan wasan samariya suke aiki? Yawanci ba su rubuta magana. Sai su zauna su shirya labari, su raba wa kowa matsayinsa: wannan mai gari, wannan ɗan kasuwa, wannan uwar gida. Sa'an nan kowa ya kawo magana daga kansa. Wannan dabara tana da kyau, don ko wanda bai yi karatu ba yana shiga. Amma tana da illa guda. Da samariyar ta watse, tsofaffin ƴan wasa suka rasu, wasanni da yawa sun tafi tare da su.

A dubi labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta yi yaƙi da sojan Faransa a 1899. Abdullahi Mamani ya rubuta shi cikin littafi a 1980. Daga littafin aka yi fim a 1986, har mutanen ƙasashe masu nisa suka san Lugu. Abin da aka rubuta shi ke tafiya nesa, shi ke daɗewa. A Yamai ma, marigayi Alfred Dogbe, wanda ya rasu a 2012, ya bar wasanni a rubuce, ana iya sake yin su. Sai dai da Faransanci ya rubuta. Wa zai rubuta na Hausar Arewa, in ba ƴan makarantar yaƙi da jahilci ba?

Aikin ba shi da wuya. Takarda guda ta isa. Ga yadda ake yi:

1. A zaɓi matsala guda tak. Misali, shanu sun shiga gonar wake.
2. A sa mutum uku ko huɗu: manomi, makiyayi, mai gari, da tsohuwa mai faɗin gaskiya.
3. A rubuta abin da ya faru da fari, abin da ya biyo baya, da yadda aka ƙare.
4. Kada wasan ya wuce minti 15. Mutane sun yini aiki, dogon wasa yana sa barci.

Ba sai an gina dandali ba. Gindin bishiya, tabarma biyu da fitila sun wadatar. Malafa da sanda su ne makiyayi, kwashe a kafaɗa shi ne manomi.

Ƙauyen da ba a sami mutum huɗu ba, mutum ɗaya ya isa. Tsohon makiyayi ya tsaya yana yi wa saniyarsa magana, yana faɗa mata yadda burtali ya tsuke, har ba ta iya wucewa zuwa rijiya sai ta taɓa shuka. In ya gama, wani ya fito a manomi yana magana da rumbunsa, yana lissafin dami nawa ya samu, baki nawa ke jiransa, da abin da ya rasa dare ɗaya. Wanda ya ji su duka biyu zai gane kowa yana da kuka.

Wata dabara mai kyau ita ce a yi musaya. Ɗan manomi ya fito a makiyayi, ɗan makiyayi ya fito a manomi. Wanda ya ɗauki sandar wani, ko na minti 10 ne, ya san nauyinta.

Amma a yi hattara. Wasa wuƙa ce, tana fere, tana kuma yanka. Kada a kama sunan kowa. Kada a yi wa harshen wata ƙabila ba'a. Kada a ɗora laifi duka a gefe guda. A sanar da mai gari da ardo kafin a fara. Ƙarshen wasan kuma ya nuna hanya: a jira ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki, a bar burtali a buɗe, in an yi ɓarna a kai ƙara ga mai gari da kwamitin filaye, wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa. Ba a ƙare wasa da sanda ko adda.

Makarantar da ta yi wasanta, ta ba malaminta takardar ya aiko wa jarida. Wasan da aka shirya a Gesheme, sai ƴan Dankasari su karanta, su yi shi a ƙauyensu, su ƙara nasu gishiri.