Wa Ke Da Kujerar Depite?

Sau uku Georges Mahaman Condat, ɗan Maraɗi, ya ci kujerar depite a majalisar dokokin Faransa da sunan ƙasar Nijar: cikin 1948, da 1951, da 1956. Sau biyu daga ciki yana bisa kujerar ne ya komo neman ƙuri'a. Ya dace a karanta tarihinsa a cibiyoyin yaƙi da jahilci da ofisoshin hukuma, domin yana nuna yadda depite kan sake cin zaɓe alhali mai ƙuri'a bai samu hanyar tambayarsa abin da ya aikata ba.

An haife shi a Maraɗi cikin 1924, ubansa Bafaranshe, uwarsa ƴar ƙasa. Sa'ad da Faransa ta ƙara wa Nijar kujera ta biyu, Diori Hamani na jam'iyyar PPN-RDA yana riƙe da ta farko tun 1946. Gwamna Jean Toby ba ya ƙaunar RDA, sarakuna da yawa kuma suna jin tsoronta. A nan Maraɗi aka kafa jam'iyyar UNIS cikin 1948, da goyon bayan sarakuna da yardar gwamna. Condat ta tsayar, yaro ɗan shekara 23, ya kuwa kayar da Djibo Bakary cikin watan Yuni na shekarar.

A wancan zamani ba kowa ke da ƙuri'a ba. Ma'aikata ne, da tsofaffin soja, da masu sarauta, da wasu ƴan kasuwa. Dokar 1951 ta ƙara magidanta masu biyan lanho da matan da suka haifi ƴaƴa biyu. Yawan masu zaɓe ya ƙaru ƙwarai, amma ta wace hanya labarin majalisa zai iso wa sabon mai ƙuri'a? Ƙasar nan kuwa ƙasar sarauta ce: ga fadar Sarkin Katsina a Maraɗi, ga ta Sarkin Gobir a Tsibiri, ga masu kanton irin na Jiratawa, bisansu duka ga kumandan. Ta hannunsu lanho ke fita, ta bakinsu umarni ke sauka. Talakan da ya saba karɓar kowace magana ta wannan hanya, da wuya ya karɓi maganar zaɓe ta wata dabam. Ranar 17 ga Yuni 1951 UNIS ta kwashe kujerun biyu, Condat ya koma, Zodi Ikhia ya shiga, Diori ya faɗi.

Ba abin tambaya aka rasa ba. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi, jama'a suka hau tudu suna sabon gini. Gujiya ita ce kuɗin lanho, ita ce kuɗin aure, manomin da ya ɗauko ta daga Jiratawa ko Tsibiri zuwa sikeli ba shi ke yanka mata kuɗi ba. Hanyar fitarta ma abin gardama ce, ko ta Kano, ko ta Dahome, inda hukuma ta soma karkata ta cikin shekarun 1950. Duk waɗannan al'amura ne da depite ke iya ɗaukar magana a kansu. Sai dai majalisar tana Paris, muhawararta da Faransanci, jaridar da ke buga jawaban depitoci ita ma da Faransanci. Ko depite ya yi magana, ko ya yi barci, duk ɗaya ne ga manomi.

Wannan ba zargin Condat ba ne shi kaɗai. Tsarin ne aka gina hakanan. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya samu kujera ta hannun manya, dole idonsa ya kasance ga manya, in sun gusa ya gusa. Cikin 1953 ya bar UNIS ya kafa UPN. Cikin 1955 ya haɗu da Issoufou Saidou Djermakoye suka kafa BNA, da ita ya sake cin zaɓen 2 ga Janairu 1956, ranar da Diori ya karɓe kujerar Zodi Ikhia. Kafin shekarar ta ƙare, BNA ta haɗe da jam'iyyar Djibo Bakary, wanda Condat ya kayar shekara takwas baya, aka samu jam'iyyar da jama'a suka sani da Sawaba. Ta ci kujera 41 cikin 60 a zaɓen majalisar ƙasa na 31 ga Maris 1957, wanda aka yi bayan dokar 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Condat ya zama shugaban majalisar.

Bai daɗe ba. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta ce a'a ga De Gaulle, sarakuna suka janye jiki, Gwamna Colombani ya matsa, aka bayyana cewa kashi 78 cikin ɗari sun ce i. Cikin Disamba shugabancin majalisa ya koma hannun Boubou Hama. Daga baya Condat ya shirya da gwamnatin Diori, ya yi mata aikin jakadanci. Talakawan da suka bi raƙumin Sawaba da zuciya ɗaya ba su samu jakadanci ba. An hana jam'iyyar cikin 1959, wasunsu suka sha ɗauri, wasu suka tsallaka Nijeriya. Condat ya rasu cikin 2012.

Mulkin kai bai gyara wannan giɓi nan da nan ba. A zaɓukan 1965 da 1970 jerin sunaye guda aka kawo, hakanan a 1989. Depite mai son komawa shugabannin jam'iyya yake roƙo, ba jama'a ba. Tun daga 1993 jam'iyyu suka yawaita, amma aka riƙa jefa wa jerin sunayen jam'iyya ƙuri'a jaha jaha, sai ya zamana matsayin mutum cikin jerin ya fi aikinsa amfani gare shi. Majalisar da aka zaɓa ranar 27 ga Disamba 2020 ta watse bayan 26 ga Yuli 2023, an rushe jam'iyyu cikin Maris 2025, majalisar shawara da aka girka cikin Yuni 2025 kuwa naɗa ƴaƴanta aka yi.

Ke nan masu tsara dokokin gaba suna da sarari su duba wannan wuri. Abin da manomin 1951 ya rasa yau akwai shi: a Tsibiri da Jiratawa da unguwannin Maraɗi akwai maza da mata da suka iya karatun Hausa, akwai gidajen rediyo masu magana da ita. Ya kamata duk dokar da za ta maido da depite ta wajabta masa ya rubuta, kowace shekara, dokokin da ya amince da su, da waɗanda ya ƙi, da yawan zaman da ya halarta, cikin harshen masu zaɓensa. A liƙa takardar a ofishin magajin gari da ƙofar fada, a karanta ta a rediyo, kafin a karɓi sunansa cikin masu neman komawa.