Asusun wa ke kan wayarka?

Daga Gyadi-Gyadi har kasuwar waya ta Farm Center a Tarauni, duk manhajar da aka biya wa kuɗin wata ta kuma rufe bayan sabunta waya, sabuntawar ake zagi. Galibi ba laifinta ba ne. Google Play da App Store suna ɗaura biyan a kan asusun imel. Da manhaja ta nemi a sake shiga, sai a tarar mai gyaran waya ne ya buɗe asusun, kalmar sirrin tana wajensa. Za a ce dole ce ta sa aka bar masa asusun, tunda a 2022 bankuna da dama sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, a lokacin sai ta hannun dillali. Gaskiya ne, amma dillali na iya biya a asusunka. Jama'a, kada ku bar shago ba ku karɓi kalmar sirrinku ba.